Turjiya

A Goiânia, bayan tashar bas,
garejin babana na warin dalma da kofi.
Genivaldo sunansa. Kunnensa na hagu ya mutu
tun shekarar da aka haife ni.
Da tafin hannu yake jin kiɗa:
ya ɗora shi kan murfin but,
ya lumshe ido, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Shi ya koya mini lissafin waya.
"Jucélia, kowace lasifika da taurin kanta.
Wannan om huɗu ce, waccan ma huɗu.
In kin jera su, wutsiyar wannan a bakin waccan,
taurin kai ya haɗu, ya zama takwas,
wuta ta bi lungu tana raɓe-raɓe,
amfilifaya ta sha iska, murya ta yi ƙasa.
In kin tsayar da su kafaɗa da kafaɗa,
ja ga ja, baƙi ga baƙi,
ƙofa biyu kika buɗe wa wuta.
Huɗu ta koma biyu,
wat ɗari uku ya kusa ninkawa."

Na ce, "To me ya hana a buɗe ƙofa huɗu?"
Sai ya juya mini mataccen kunnen.

Ran Alhamis Wanderlei ya turo akori-kurarsa,
lasifika huɗu a baya, kowacce kamar faranti,
yana so ran Asabar a filin gasa
gilashin maƙwabta ya yi rawar sanyi.
Baba ya karanta jikin amfilifaya da yatsa:
ba ta ɗaukar ƙasa da biyu.
Ya haɗa biyu-biyu a jere, ya gama su gefe da gefe,
mita ta ce huɗu.
Ya ce, "Ya isa."
Wanderlei ya taɓe baki. Ni ma na taɓe, a ciki.

Da dare ya raba na dawo da tocila a haƙori.
Na kwance abin da ya ɗaura.
Ja huɗu a dunƙule, baƙi huɗu a dunƙule.
Mita ta ce ɗaya,
ta ɗan yi rawa, kamar tana so ta ƙara magana.
Na murɗa.

Wayyo daɗi!
Kwanon rufi ya amsa, sukurori suka yi tsalle a gwangwani,
ƙirjina ya zama fatar ganga,
fitilun mota na dushewa da kowane bugu,
batir na ba da jininsa.
Minti uku na mallaki unguwa.
Sannan shiru.
Sannan wari,
warin nan da ba ya kama da na komai,
hayaƙi siriri, shuɗi, yana fita ba gaggawa.
Fiyus bai ma yi saurin mutuwa a madadinta ba.

Bai ji ƙarar ba, in ji shi.
Gadonsa ne ya girgiza, hancinsa ya ƙarasa labari.
Ya zo da silifa ɗaya,
ya taɓa ƙarfen, ya janye hannu,
bai ce "na gaya miki" ba.
Cewa ya yi, "Ganga in ta cika zaƙi..."
ya bar mini sauran.

Can da asuba, muna ciro ƙonannun ƙafafu daga allo,
ya ce, "Ita ba ta san a'a ba.
Duk abin da aka roƙa, bayarwa take,
har ta cinye kanta.
Lasifika ce ke ja mata birki."
Ya miƙo mini dalma.
"Albashin wata biyu. Riƙe nan."

Yau ni ke da makullin garejin.
Samari na zuwa suna neman ɗaya, har da rabi.
Nakan ɗora mita, in nuna musu lamba,
in sun matsa,
in juya musu kunnen hagu,
duk da nawa yana ji sarai.